Yadda Ake Adana Nonon Uwa, a Narkar da Shi, a Shayar da Jariri a Gidan Raino

Idan hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, tambayar da iyaye mata ma'aikata da ɗalibai suka fi yi mini ita ce yadda za su bar wa jariri nononsu a gidan raino ba tare da ya lalace ba. Su kuma masu raino, abin da ya fi damunsu shi ne yadda za su narkar da wanda aka kawo musu a daskare. Na haɗa amsar wuri guda domin aikin a hannun uwa yake farawa, a hannun mai raino yake ƙarewa, kuma galibin ɓarnar da ake samu tana faruwa ne a tsakanin hannayen nan biyu, inda kowacce take zaton ɗayar ta san lokacin da aka tatsa ko aka fitar daga firiza. Sa'o'i da kwanakin da zan kawo na CDC ne, wato hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Amurka, sai inda na ambaci wata hukumar, amma an tsara su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba da gidan da wuta ba ta ɗaukewa, saboda haka zan nuna wuraren da ya wajaba mu rage.

1. Haɗa kayan aiki

Uwa tana buƙatar mazubai masu murfin da ke rufewa ruf, ƙaramar kula, ƙanƙarar da za ta shiga kular, alƙalamin maka wanda ruwa ba ya goge rubutunsa, da filasta ko salatif ɗin takarda. Mazubin yana iya zama kwalbar gilashi, ko roba mai tauri wadda aka yi don abinci, ko ledar da aka ƙera musamman don ajiyar nonon uwa, wadda ake samu a manyan kantunan magani da shagunan kayan jarirai. Ledar ta fi sauƙin jerawa a firiza amma sau ɗaya ake amfani da ita, don haka kuɗinta ba ya yankewa, ita kuwa kwalba sau ɗaya ake saye a yi ta wankewa. Wadda hannunta bai kai ga injin tatsa ba kada ta damu, domin tatsa da hannu ba ta cin ko kwabo, kuma kayan wankinta sun fi kaɗan. Abin da ya fi cancantar a kashe wa kuɗi a wurinmu shi ne kula mai riƙe sanyi sosai.

Gidan raino kuma yana buƙatar firij, ƙaramin ma'aunin sanyi da za a ajiye a cikinsa, kwando ko roba mai murfi ga kowane jariri da sunansa a jiki, filas na ruwan zafi, kwano mai zurfi, da littafin rajista.

Gargaɗi: farar ledar da ake ɗaura zoɓo da kunun aya ba ta dace ba, tana fashewa idan ta daskare kuma ba a yi ta don wannan aiki ba. A kuma guji robar da ke ɗauke da lamba 7 a cikin alamar kusurwa uku a ƙasanta, domin tana iya ƙunsar BPA, wani sinadarin haɗa roba da ake gudun illarsa ga lafiya.

2. Tatsa da zubawa

A wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta kafin a taɓa komai. Idan da inji za a tatsa, a duba bututunsa, in an ga alamar funfuna a ciki a sauya shi. A zuba nonon kaɗan-kaɗan, mililita 60 zuwa 120 a kowane mazubi, domin duk abin da aka narkar ba ya komawa firiza, kuma babu abin da ke ƙona ran uwa kamar a zubar da rabin kwalbar da ta tashi da asuba ta tatsa. A bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a saman mazubin, saboda nono yana kumbura idan ya daskare.

Game da yawan da za a tanada, jariri mai wata 1 zuwa 6 da ke shan nono zalla yana shan kusan mililita 750 a kwana guda, wani ya ɗara, wani ya gaza. Idan aka raba wannan a kan sa'o'i 24, ana samun kimanin mililita 30 a kowace sa'a, ke nan wadda za ta yi sa'o'i 8 a wurin aiki za ta bar wajen mililita 240 zuwa 300. Mazubai uku na mililita 90 da ƙaramin guda na 40 ko 50 don ko-ta-kwana sukan wadatar a kwanakin farko, daga nan rajistar mai raino za ta nuna ko a ƙara ko a rage.

Gargaɗi: kada a zuba sabon tatsa mai ɗumi a kan wanda ya riga ya yi sanyi ko ya daskare. A sanyaya sabon a firij tukuna sannan a haɗa, kuma kwanan watan da ya fi daɗewa shi ake ƙirgawa.

3. Rubutu a jikin mazubi

Wannan ne matakin da aka fi rainawa. Kowane mazubi a rubuta masa cikakken sunan jariri da na mahaifinsa, ranar tatsa, lokacin tatsa, da yawan mililita. Sunan yanka kaɗai ba ya isa, domin a ɗaki guda ana iya samun Muhammad uku da Fatima biyu, kuma masu raino da laƙabi suka san su, wannan Abba, wancan Khalifa, waccan Ummi. Idan da laƙabi ake kiran yaron a rubuta shi a gefen sunan. A jikin mazubin ake rubutu, domin murfi yana iya sauya kwalba a wurin wanki. A leda kuma a rubuta kafin a zuba nono, in ba haka ba bakin maka yana iya huda ta.

A bar wuri a ƙasan rubutun don layi na biyu, wanda za a cike daga baya: rana da lokacin da nonon ya gama narkewa.

4. Ajiya da ƙidayar lokaci

Sabon tatsa yana kai sa'o'i 4 a ɗakin da bai wuce digiri 25 ba. A firij mai sanyin digiri 4 yana kai kwana 4. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, wata 6 ne ya fi, ko da yake ana iya kaiwa wata 12. Ƙaramin akwatin ƙanƙara da ke cikin firij mai ƙofa ɗaya ba shi da wannan sanyin, hukumar lafiya ta Ingila mako 2 ta ba shi. A kular da aka cika da ƙanƙara kuwa yana kai sa'o'i 24. Wanda aka san ba za a sha cikin kwana 4 ba a daskarar da shi tun ranar farko, kada a jira sai ya tsufa a firij. Kuma a ajiye shi can ƙuryar ciki, domin ƙofar firij tana shan iskar waje duk lokacin da aka buɗe.

Nan ne ya kamata mu yi wa kanmu gaskiya. Daga Maris zuwa Mayu, a Kano da Sakkwato da Maraɗi zafi yana haura digiri 40, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano bai san wani abu wai shi digiri 25 ba. A irin wannan yanayi sa'o'i 4 ɗin nan ba namu ba ne. Shawarata ita ce da an gama tatsa a saka a firij ko a kula nan take, idan kuwa babu ko ɗaya, a ba jariri cikin sa'a ɗaya zuwa biyu. A cikin hunturu ana iya samun ɗakin da ya dace da adadin, amma ma'aunin zafi ne zai faɗa.

Sai batun ɗaukewar wuta. Firij ɗin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kusan sa'o'i 4. Firizar da take cike tana riƙewa kusan sa'o'i 48, wadda take rabi kuma 24, muddin an bar ƙofar a rufe. Saboda haka yana da amfani a cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare, a kuma tusa nonon a tsakiyarsu. Idan wuta ta dawo a duba kowane mazubi: wanda har yanzu da ɓurɓushin ƙanƙara a cikinsa ana iya mayar da shi ya sake daskarewa, wanda ya narke gaba ɗaya amma yana da sanyi a mayar da shi firij a shayar cikin sa'o'i 24, wanda ya huce kuma ba a san tun yaushe ba a zubar. Uwar da unguwarsu ke kwana biyu ko uku babu wuta, kuma babu sola ko janareta, gara ta haƙura da tara na watanni, ta riƙa tatsar na gobe a yau tana ajiyewa a kula da sabuwar ƙanƙara.

5. Kaiwa da karɓa

A jera mazuban a kula, ƙanƙara ta taɓa jikinsu ta kowane gefe, a cike sararin da ya rage da tsabtataccen tawul. Idan ƙanƙarar leda aka saya, a ƙara saka ta cikin wata ledar a ɗaure, don kada ruwanta ya jiƙa murafan ya kuma goge rubutu. Kada a saka kular a but ɗin mota ko inda rana ke dukanta a cikin A Daidaita Sahu.

Mai raino ta buɗe kular a gaban uwa, ta ƙirga mazubai, ta karanta sunan da ke jikin kowanne, ta taɓa ta ji sanyinsu, sannan ta tambaya kai tsaye: “Maman Abba, wanne ne sabon tatsa, wanne aka fitar daga firiza, kuma ƙarfe nawa ya gama narkewa?” Ta rubuta amsar a rajista, ta saka su a kwandon yaron a cikin firij kafin ta juya ga wani aiki. Wannan bai fi minti biyu ba, amma da safe kowa sauri yake yi, shi ya sa ake tsallake shi.

Gargaɗi: mazubin da ba shi da suna ko kwanan wata ba a karɓarsa sai an rubuta a nan take, komai sabon da ke tsakanin uwa da mai raino.

6. Narkarwa

A fara da wanda ya fi daɗewa a firiza. Hanyoyin narkarwa uku ne. Ta farko, wadda ta fi aminci, ita ce a sauko da shi daga firiza zuwa firij tun da daddare, zuwa safiya ya narke, yakan ɗauki kusan sa'o'i 12. Idan a leda yake a tsayar da ita cikin tsabtataccen kofi, domin leda takan tsage a gefe ba a sani ba sai ta narke, kuma da kofi a ƙarƙashi ba a yi asara ba. Ta biyu ita ce a tsoma rufaffen mazubin cikin kwanon ruwa mai ɗumi-ɗumi, a riƙa sauya ruwan idan ya huce. Ta uku ita ce a riƙe shi ƙarƙashin famfo mai zubo ruwan ɗumi, inda ake da irin wannan famfon. A duka biyun na ƙarshe kada ruwa ya kai bakin murfi, domin ruwan wanka ko na rijiya ba abin da za a so ya shiga cikin jariri ba ne.

Ƙa'idar lokaci a nan ta bambanta da ta sabon tatsa, kuma ita ce aka fi ruɗewa a kanta. Nonon da ya narke a firij yana da sa'o'i 24, ana fara ƙirgawa daga lokacin da ƙanƙarar ƙarshe ta narke, ba daga lokacin da aka sauko da shi daga firiza ba. Da zarar an ɗumama shi ko ya kai zafin ɗaki, sa'o'i 2 suka rage masa. Daskarewa tana rage ƙarfin garkuwar da sabon nono yake da ita a kan ƙwayoyin cuta, shi ya sa narkakke ba ya jure abin da sabo yake jurewa. A cike layi na biyu na rubutun a wannan lokaci.

Gargaɗi: ba a ajiye daskararren nono a kan tebur ko a rana a ce ya narke da kansa, domin gefensa zai yi ɗumi yayin da tsakiyarsa take ƙanƙara. Ba a kuma mayar da wanda ya narke sarai cikin firiza.

Akwai abubuwa biyu da ke tsorata sabuwar mai raino alhali ba lalacewa ba ce. Na farko, nono yana rabuwa idan ya zauna, maiƙo ya taso sama, ruwa-ruwa ya kwanta ƙasa, launinsa kuma yana iya zama fari, ko ruwan ɗorawa, ko ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Na taɓa tarar da wata yarinya da ta fara aikin raino tana shirin tuttular da mazubai biyu a magudana, wai sun tsinke kamar madarar da ta kwana, sai da na juya ɗaya a hankali a gabanta ta ga ya haɗe ya koma yadda yake. Na biyu, wani nonon yakan yi ƙamshin sabulu bayan daskarewa, saboda wani sinadari na halitta da ke cikinsa yana narkar da maiƙo, kuma ba ya cutarwa ko da yake wasu jarirai suna ƙinsa. Wanda ya lalace da gaske warin tsami yake yi, kuma ko an juya shi gudaji-gudaji yake zama.

7. Ɗumamawa

Ɗumamawa ba dole ba ce, jaririn da ya karɓi mai sanyi ana iya ba shi a haka. Idan za a ɗumama, a sirka ruwan filas da na sanyi a kwano har ya zama hannu yana iya zama a ciki ba tare da jin zafi ba, a tsoma rufaffen mazubin na 'yan mintuna, a juya shi a hankali maiƙon da ya manne a jiki ya sauko ya haɗe, domin a cikin maiƙon nan ƙoshin yaro yake. A ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannu: abin da ake nema shi ne ɗumin jiki, wajen digiri 37. A ɗumama na shan lokacin kawai, sauran su ci gaba da zama a firij.

Gargaɗi: ba a dafa nonon uwa, ba a ɗora shi a kan risho ko gas, ba a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa, ba a kuma saka shi a maikurowef. Ita wannan na'ura tana ɗumama wani gefe fiye da wani, sai kwalba ta ji daidai a hannu alhali a ciki akwai inda zai ƙona bakin jariri, ban da lalata sinadaran kariya da zafi mai yawa yake yi.

8. Shayarwa da ragowar da aka bari

Mai raino ta wanke hannu, ta karanta sunan da ke jikin mazubin da babbar murya tana kallon yaron, idan da abokiyar aiki a kusa ita ma ta duba. A ɗauki jariri a ɗan tayar da shi zaune, a riƙe fida kusan a kwance don nonon ya riƙa zuwa a hankali, a riƙa dakatawa yana numfasawa, a sa shi gyatsa a tsakiya da ƙarshe. Idan ya kau da kai ko ya saki, ya ƙoshi, kada a matsa masa don kawai a ga ƙarshen kwalba. Ana kuma iya shayarwa da ƙaramin kofi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take ƙarfafawa, musamman inda ruwan wanki yake da wuya, domin kofi ba shi da lungun da datti zai maƙale. A ɗora bakin kofin a leɓen ƙasa a bar jariri ya tsotsa da kansa, ba a ɗura masa.

Abin da ya rage bayan ya sha yana da sa'o'i 2 daga lokacin da ya gama, bayan haka a zubar, saboda yawun bakinsa ya riga ya shiga ciki. Ba a haɗa shi da sabon mazubi.

Gargaɗi: kada a jingina wa jariri fida da matashi a tafi wani aiki, yana iya ƙwarewa. Kuma jaririn da bai kai wata 6 ba ba a ƙara masa ruwa, ko a cikin nonon ko daban, ko da ana tsananin zafi. Idan nonon ya ƙare kafin lokacin tashi a kira uwa a waya, kada a ba shi madarar gwangwani ko na wani yaro ba da izininta ba. Bakwaini da jariri mara lafiya kuwa, umarnin likitansu ya sha gaban duk adadin da ke nan.

9. Idan an ba jariri nonon da ba na uwarsa ba

Wannan yana faruwa ko a wurin da ake kula sosai, kuma babban kuskure shi ne ɓoyewa. A dakatar da shayarwar nan take, a rubuta yawan da ya sha da lokacin, a ajiye mazubin, a sanar da iyayen yaran biyu a ranar. Ta fuskar lafiya, haɗarin ɗaukar cuta daga sha ɗaya kaɗan ne ƙwarai, amma likitan yaron yana buƙatar sanin yadda aka ajiye nonon, da magungunan da mai nonon take sha, da ko an yi mata gwajin ƙanjamau da ciwon hanta. A nemi wannan bayani a keɓe cikin mutunci, da yardarta, kuma kada ya zama abin hira a tsakanin ma'aikata.

Akwai fuska ta biyu da takardun ƙasashen waje ba sa taɓowa, wadda a wurin iyaye Musulmi take da nauyi, wato 'yan'uwantakar shayarwa da ke haramta aure. Malamai sun saɓa a kan yawan shan da ke tabbatar da ita: a mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, ko kaɗan ne ya isa cikin jariri ana lissafa shi, a wurin Shafi'iyya kuwa sai sha biyar. Ba aikin mai raino ba ne ta yanke hukunci, aikinta shi ne ta faɗi gaskiyar abin da ya faru, ta rubuta sunayen yaran biyu da ranar, ta ba kowane gida kwafi, su kai wa malamin da suka amince da shi. Yaran nan za su girma, wataƙila a gari ɗaya, kuma bayan shekara ashirin babu wanda zai tuna sai abin da aka rubuta.

10. Wanki da miƙa kaya da yamma

A warware fida gaba ɗaya, kwalba daban, kan roba daban, zobe daban. A ɗauraye, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi a cikin robar da aka keɓe don kayan jariri kaɗai, da burushin da ba a wanke komai da shi sai su, a sake ɗaurayewa, a kife a kan tsabtataccen wuri su bushe da kansu ba tare da an goge da tsumma ba. Sau ɗaya a rana a tafasa su na minti 5, musamman ga jaririn da bai kai wata 2 ba, da bakwaini, da mai raunin garkuwar jiki.

Idan uwa ta zo ɗauka, a nuna mata rajistar ranar: ƙarfe nawa ya sha, mililita nawa, nawa aka zubar, nawa ya rage. Mazuban da ba a taɓa ba a mayar da su kula da ƙanƙara, a faɗa mata wanne ne narkakke da lokacin da sa'o'insa 24 za su cika, don ta ba shi a daren ko ta sa shi ya zama na farko gobe da safe idan lokacinsa bai wuce ba. Idan rajista ta nuna kwana uku a jere ana zubar da mililita 30 daga kowane mazubi, a ce mata daga gobe ta riƙa zuba 60 a maimakon 90, ta ƙara yawan mazuban.